Ƙasa a Kwalbar Magani

Na dawo Damagaram ran Laraba
da tsarabar da ba ta taka kara ta karya ba:
safa, sabulu, alewar da ta narke tun Yamai,
da wata 'yar kwalbar maganin hawan jini
wadda babu magani a cikinta.

Inna Cima ba ta tashi ba, gwiwa ta hana.
Daga kan tabarma ta ce, "Kin gan shi?"
Ba ɗana take nufi ba, wanda ya biya jirgi,
ba jikokin da Hausa ke yi wa nauyi a baki ba.

Na ce, Inna, bari in sha ruwa.

An kai ni gidajen sarakunansu na dutse.
Matakala ɗari da ashirin, na ƙirga don haushi.
Ɗaki ya fi arba'in, babu mai kwana ko ɗaya,
gado an kewaye shi da jar igiya
kamar ana tsoron ya gudu.
Na ɗauki hoto, tunda kowa ɗauka yake.

Sai ran Asabar muka bar gari.
Gona ce, Inna, shimfiɗe har ƙarshen ido,
amma abin da suka shuka bai tsiro ba.
Fararen duwatsu sahu-sahu,
kamar sallar da aka tayar, liman ya mance sallama.
Wani tsoho mai askin ciyawa
ya buɗe littafi, ya bi da yatsa:
layi na sha ɗaya, na huɗu daga hagu.

Sun rubuta MATTO KIARI.
Sun ƙara masa harafi ɗaya,
iyakar ladan da na ga an ba shi ke nan.
Ba su sa Birni ba, ba su ce majemi ne ba,
mai hannu da warin bagaruwa,
ba su ce ya bar 'yar wata bakwai a goye ba.

"Ina ya fuskanta?"
Alƙibla, Inna. Na gwada da wayar Laminu.
"Ana ruwa can?"
Kullum. Har laima ta gaji.
Sai ta yi dariya, dasashi waje:
"Oho, Baba! Shekara tamanin kana shan ruwa kyauta,
mu nan muna rigima da 'yan garuwa."
Dariyar ce ta kai ta inda ta sa bakin zane a ido.

Da la'asar sakaliya na fita.
Ƙafa ta kai ni gindin duwatsu,
wajen tsohon barikin da aka auna ƙirjinsa
aka ce ya isa.
Shekara nawa ina wucewa nan zuwa kasuwar Dole
ban taɓa ɗaga kai ba?
Babu allo, babu fure, babu mai littafi.
Ƙadangare ke gadi, yana gyaɗa wa kowa kai.

Wani yaro ya bar ƙwallo ya sheƙo,
ya dubi takalmina na can, ya ce,
"Madam, in nuna miki tarihi?"
Ni da aka binne cibiyata bayan gidan su kakarsa!
Na ba shi dala ashirin.
Ya nuna mini bango, ya ce ya shekara dubu,
ya nuna rami, ya ce aljani ne ya haƙa.
Ban gyara masa ba.
Can ma biya na yi aka faɗa mini abin da aka ga dama.

Da dare Inna ta kwance kwalbar.
Baƙar ƙasa, har yanzu da danshinta.
Ta shinshina, ta ɗanɗana a kan harshe,
ta juye ta gindin dogon yaro.
Sannan ta ja jiki zuwa bakin zaure,
ta cika kwalbar da jan yashin ƙofar gida,
ta murɗa marfin da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"In Laminu ya zo hutu, ki ba shi.
Layi na nawa kika ce?"